Wutsiyar Usman Tela

Duk saurayin da ya shigo shagona a Rusaifa, nan Makka, da waya a hannu yana murmushi, na san abin da ya kawo shi tun kafin ya gama sallama. Ya ga bidiyon wani yana tafiya a ƙarƙashin ruwa, ƙafafunsa biyu a cikin abu guda mai faɗi kamar wutsiyar kifi, yana lanƙwasa yana miƙewa ba alamar wahala, sai ya ƙudura shi ma ranar Juma'a haka zai yi a tekun Shu'aiba. Zai miƙo mini wayar ya ce, "Ya ammi Sale, irin wannan nake so. Baƙa." Ammi, wato kawu. Launi kaɗai ya zaɓa. Sai in ce ya cire takalmi ya hau kan kwali in zana ƙafarsa. Rabinsu a nan suke fara jin haushina.

Larabawa za'anifa suke ce mata, mu a shago wutsiya muke cewa. Faifai ne guda na faiba ko na kabon, faɗinsa ya kai babban tire, a gindinsa an manna gidajen ƙafa biyu na roba, kafaɗa da kafaɗa. Masu nutso ba tukunyar iska ne ke sa ta, waɗanda ke jan numfashi ɗaya su gangara su dawo da shi. Idan ka iya ta, babu abin da ɗan Adam ya ƙera da ke kai shi nesa a ruwa da ƙarfi kaɗan kamarta. Idan ba ka iya ba, mari ne ka saya wa ƙafarka da kuɗinka.

Ni ba ɗan ruwa ba ne. A unguwar Ka'akiyya na tashi, inda ruwan da muka sani shi ne na tanka. Sana'ata ta fari takalmi, a hannun Baba Idi, wani dattijo da ya zo ta Sudan da ƙafa, ya kuma ƙare rayuwarsa yana duban ƙafafun mutane. Shi ya koya mini cewa ba a auna ƙafa da safe. Sai bayan la'asar, in ta sha tafiya ta kumbura, sannan ka ƙara mata faɗin ɗan yatsa. Mutumin Makka sau biyar yake tuɓe takalmi a ƙofar masallaci, ga zafin da ke narka kwalta, don haka wanda zai zura ya zare ba tare da ya sunkuya ba yake so. Da wannan karatun na ci abinci shekaru masu yawa. Ban san ranar da zan koyi kishiyarsa tana tafe ba.

Abin ya faro ne daga takalmin roba. Abokaina masu zuwa kamun kifi Shu'aiba suna dawowa da tafin ƙafa a tsattsage saboda duwatsun murjani, sai na fara kawo musu takalmin shiga ruwa. Daga nan wani ya ce tabarau, wani ya ce bututun numfashi, wani ya ce rigar roba. Ɗan kasuwa ba ya cewa babu, sai dai ya ce gobe. Kafin in farga silifa sun koma lungu, kayan ruwa sun cinye bango. A haka Kabtin Faisal ya same ni. Jikan Hausawa ne, haihuwar nan, mai koyar da nutso. Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ta faɗa ba, wadda ya tsinta a bakin kakarsa. Ya ce in kawo wutsiya, ɗalibansa na wahalar samun mai auna musu. Na ce aunawa ai aikina ne. Ya dube ni ya ce, "La, ya ammi. Ba ka sa ba, ba ka sayarwa. Gobe masbah."

Ranar farko a masbah, wato kwamin iyo, ba zan manta da ita ba. Ya ba ni wutsiya daidai lambar ƙafata, na ce ta yi kaɗan, a ba ni ta gaba. Ya ce babu ta gaba. Ya zuba mini ruwan sabulu a ƙafa, na tura, na ja, na yi nishi, sai da jijiyar wuyana ta tashi kafin diddige ya faɗa. Yatsuna suka dunƙule kamar an ɗaure su da tsirkiya. A nan ya gaya mini abin da nake gaya wa kowa yanzu: ƙafa a ruwa motsewa take yi, ba kumbura ba, kuma in ta sami wurin motsi a cikin robar, ƙarfinka a nan zai zube, faifan bai ji komai ba. Mafi muni, ta zare maka a ƙasa, ka tashi da ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, sama kuma da nisa. Wato abin da Baba Idi ya koya mini, a juye. Da safe ake aunawa, kuma ba a ƙara ko faɗin gashi. Har yau mutanenmu in sun zo sai sun ce, "A ɗan ƙara mini lamba ɗaya, ƙafa ta sha iska." Nakan ce iskar me, a ƙasan teku?

Na zame cikin ruwan, na yi niyyar shura ƙafa kamar yadda na saba, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ta dama ba ta tafiya sai da ta hagu. Na naɗe gwiwa na buga, na tafi taku ɗaya gaba, na dawo rabin taku baya, na sha ruwa. Na tashi zan tsaya, Kabtin ya daka mini tsawa daga bakin kwami, don in ka taka faifan a ƙasa ka tsaya a kansa, ya tsage ke nan. Ga ni babban mutum da furfura a gemu, na rungume bakin kwami ina haki, yara na wucewa ta gefena kamar tarwaɗa.

Sai ya karɓe wutsiyar ya ajiye. Makonni ban sake ganinta a ƙafata ba. Ya sa ni in miƙa hannaye sama da kai, ɗaya kan ɗaya, kai a tsakiya, in bi tsawon kwami ba komai a ƙafa. Motsin daga ƙirji yake farawa. Ka danna ƙirji ƙasa kaɗan, abin ya bi ta ciki, ya sauka ƙugu, ya ratsa cinya, gwiwa ta ɗan saki don kanta, sannan ya fita ta yatsu, kamar yadda in ka girgiza igiya daga wannan bakin, tudun ke tafiya har wancan bakin. Na yi ta ciki, na yi ta baya, na yi ta gefe. Bayana ya yi tsami har ruku'u sai da dabara. Tafin ƙafata ya riƙa ɗaurewa, in fito ina jan babban yatsa ina salati.

Amma ba ciwon ne ya fi ba ni wuya ba, kuma ba shi ke kayar da samarinmu ba. Kunya ce. An haife mu an ce namiji ya tsaya ƙyam, ya yi tafiya ƙugu a daskare. Yau ga wani yana ce maka ka saki ƙugu, ka rausaya, ka karairaya, a gaban mutane, cikin matsattsiyar riga. Jikinka da kansa yake ƙi. Na ga ƙato mai ɗaga ƙarfe ya shiga ruwa ya sandare kamar taɓarya, yana ta bugu da gwiwa, abokansa a sama suna cewa, "Yalla amarya, a taka mana!" Daga ranar bai dawo ba, wutsiyarsa tana rataye a ɗakinsa ado. Ni ma sai da na zaɓi lokacin da kwamin ba kowa sannan ƙuguna ya yarda.

Ranar da ya yarda kuwa, a teku ne. Na ja numfashi, na kifa kai, na danna ƙirji, sai na ji faifan ya kama ruwa ya tura ni, tura mai laushi da ban san daga ina ta zo ba. Ban yi wani ƙoƙari ba. Na sake, ya sake. Ruwa na wucewa ta kunnuwana, duwatsun murjani na gudu a ƙarƙashina. Can gefe sai ga ayarin manyan kifayen nan da masunta ke kira Abu Salama, wato dolfin, suna tafiya da irin motsin da na sha wuya a kansa, su ko a jikinsu. Ɗaya ya juyo da ido ya dube ni, ya wuce. Na fito ina ta Subhanallah. Ashe duk wahalar nan kwaikwayo muke, masu abin suna nan tun fil azal.

Shekarar annoba ta kusa tashi da ni. An rufe kwamaye, an hana fita, ba alhazai ba masu nutso. Kayan da na tara suka zauna a sito ba sanyi, zafin Makka ya bi ta kansu. Da aka buɗe na je na tarar roba ta bushe tana tsagewa, gam ya saki, faifai sun rabu da gidajen ƙafa, wasu sun lanƙwashe don an jingine su a tsaye. Mai hankali da ya kwashe ya zubar. Ni kuwa almajirin mai takalmi ne, ba a koya mini zubarwa ba. Na ɗauko wuƙar Baba Idi da magagari da samfefa, na zauna ina ɓamɓare roba daga faifai, ina gogewa, ina sake mannawa. Na lalata da yawa kafin in gane kwanar da ƙafa ke so ta zauna a kan faifai, da irin gam ɗin da gishiri ba ya ci. Na fita daga shekarar da rabin jari, amma na fita da hannu. Ba don ita ba, da aikin Usman ya zo ban san ta inda zan kama ba.

Usman tela ne a unguwar Shisha, sa'ana, kuma tsohon mai sayen takalmina. Shan inna ya taɓa shi yana ƙarami, ƙafarsa ta hagu ta tsotse, ta fi ta dama gajarta da ƙanƙanta. Tun zamanin Baba Idi wari muke haɗa masa, babba a dama, ƙarami a hagu da ciko a ƙasa. In yana tafiya dafa cinya yake da hannu, ya jefa ƙugu gaba, ƙafar ta biyo. Duk zuwanmu Shu'aiba yana cikin mota, amma aikinsa ɗaya: mu shiga ruwa, shi ya zauna a tabarma da butar shayi yana gadin takalma. Har sunan ya bi shi. In za mu shiga sai wani ya ce, "Maigadi, a kula da nawa, sabo ne."

Ya taɓa gwada ƙafafun roba na iyo irin na kowa, guda biyu. Ta dama na turawa, ta hagu na reto, sai ya yi ta zagaye wuri ɗaya kamar jakin rijiya. Shi da kansa ya fi kowa dariya. Amma a ranar ya leƙa da tabarau ya hango inda tudun murjani ke yankewa, ƙasa ta faɗa cikin shuɗi, kamar ka tsaya a bakin rufin bene. Abin ya zauna masa.

Wata safiya ya shigo shago ya tsaya gaban wutsiyar da ke rataye. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sale, wannan abar, ƙafa biyu take haɗawa wuri ɗaya ko?"

Na ce haka ne.

"To in an ɗaure rago da mai ƙarfi, ai dole ragon ya je inda aka je."

Na ce, "Usman, kamfani ba ya yin wari."

Ya ce, "Da can kamfani ne ke yi mini?"

Na jawo kwali na ce ya hau.

Kabtin Faisal bai yi murna ba, kuma yana da gaskiya. A teku igiya ake saukarwa daga wata roba mai yawo a sama, da darma a ƙarshenta, mai nutso ya bi ta ya gangara ya dawo. Wutsiya tana da sauri, kunne na buƙatar a toshe hanci a busa masa akai-akai, hankalin mutum na can. Wanda faifansa ke karkata zai riƙa juyawa kamar dunƙulen zare, ya naɗe da igiya, ko ya ɓace mata gaba ɗaya bai san sama ba bai san ƙasa ba. Kabtin ya ce, da Hausarsa ta kaka, "Ammi Usman, ni ba wasa. Ka tafi miƙe a kan layin masbah, daga bango har bango, ina kai ka igiya. Ka karkace, halas, shayi." Usman ya ce tayyib, ya yarda.

Na sayi gidajen ƙafa lamba biyu daban-daban, na raba su, na ɗauki babba na dama da ƙarami na hagu. Na zaɓi faifai mai laushi. Na yanka ciko daga irin sosan da nake sa masa a takalmi, na goge shi ya yi gangare, na manna a ƙarƙashin na hagu don ƙafafun su zo daidai. Idon sawunsa na hagu ba ya riƙe kansa, sai na ƙara maɗauri a diddige. Na ba shi muka tafi kwami.

Abin da na gani a ranar ya ɗaure mini kai. Kuskuren da kowa ke farawa da shi, bugu da gwiwa, Usman ba shi da gwiwar yin sa. Kunyar ƙugu kuwa, mutumin da ya shekara hamsin yana jefa ƙugu a tsakiyar kasuwa yara na kwaikwayonsa, wace kunya ta rage masa? Ya kifa kai, ya danna ƙirji, tudun ya bi jikinsa ya fita ta faifai, sumul, a gwajin farko. Abin da ya ci mini makonni. Kabtin ya riƙe baki yana cewa mashallah, mashallah.

Sai dai bai tafi miƙe ba. Kafin tsakiyar kwami ya bar layi ya nufi bangon hagu, ya daki tayil da kafaɗa. Ƙafar dama ta fi danna faifan, faifan na murɗewa. Ya ɗago ya ce, "Jakin rijiya ya sami babbar da'ira dai."

Daga nan muka shiga abin da ya ci mana kusan rani guda. Ya yi iyo, ni ina tafe a ƙarƙashinsa da tabarau ina kallon yadda bakin faifan ke lanƙwasa. Mu dawo shago in ɓamɓare, in matsar da gidan dama ciki kaɗan don ƙarfinsa ya faɗo kusa da tsakiya, in rage ciko, in ƙara, in jira gam ya kama. Wani gyaran ya sa ya karkata dama maimakon hagu. Wani ya sale masa fata a ƙafar da ba ta jin zafi sosai, bai sani ba sai da muka ga jini, dole ya huta har ta warke. Shi ma yana nasa gyaran: ya gane in ya rage ƙarfin dama, ya bar ƙugu ya yi aikin, faifan ba ya gardama. Ya ce kamar keken ɗinki ne, in ka danne yadi da hannu ɗaya ɗinki ya karkace. Ranar da ya bi baƙin layin nan daga bango har bango, cikinsa bisa layi kamar an ja shi da zare, Kabtin ya ɗaga yatsa ya nuna yamma, wajen teku.

Mun isa Shu'aiba da hantsi, ruwa kwance kamar an goge shi. Wutsiya ba a tafiya da ita a tudu, don haka sai da Usman ya shiga ruwa har ƙugu yana dafe da kafaɗata, sannan ya zauna na zura masa. Muka yi iyo zuwa robar igiya, daidai inda tudun ke yankewa. Ya kwanta a saman ruwa yana numfashi a hankali. Kabtin na gefe, shi zai bi shi, don ba a nutso mutum ɗaya ko da wane ne. Ni aikina kallo.

Usman ya ja dogon numfashi, ya kifa, faifan ya tashi sama ya yi walƙiya, ya shige.

Na sha ganin masu nutso, amma ban taɓa ganin abu kamar wannan ba. Igiya fara ta miƙe cikin shuɗi, Usman na gangarawa a gefenta, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaru ba ba ta ragu ba. Hasken rana ya tsattsage ya bi shi kamar sandunan zinariya. A damansa bangon murjani, ja da ɗorawa da shunayya, ƙananan kifaye sun yi masa gajimare, suna buɗewa yana wucewa suna rufewa. Tun muna samari na san tafiyar mutumin nan, ko daga ƙarshen layi na hango shi na gane shi. A ranar na nemi ɗingishin na rasa. Ba dama ba hagu. Jiki ɗaya ne dogo yana rausaya, yana ƙanƙancewa, har ya kai zurfin bene mai hawa uku ko fiye, inda Kabtin ya sa masa alama. Ya kama igiya ya tsaya. Na ga ya juya kai yana duban bangon, a natse, kamar mai duba yadi a kanti. Wata kififfiya ta fito daga kogo ta wuce ta gabansa ba ta ko kauce ba. Sai ya juyo, ya danna ƙirji, ya taso, Kabtin na gabansa ido cikin ido.

Ya fasa ruwa, ya kama roba, ya ja numfashi kamar yadda aka koya masa, ya cire tabarau, ya yi alamar lafiya da yatsu. Ya daɗe yana kallon ruwan da ya fito daga ciki. Sannan ya ce, "Sale, ashe duk shekarun nan abin da kuke gani ke nan, ku fito ku ce mini a zuba shayi?"

Shi ya sa, ku samari, in na ce ku hau kwali, ku hau. In na ce ku bar wutsiyar a shago ku je kwami ku yi wata guda ba komai a ƙafa, ba rowa nake muku ba. Kuma ku bar kunyar nan a mota tare da waya.

Da muka fito gaci a ranar, na zare masa wutsiyar, ya dafa kafaɗata, ɗingishi ya dawo inda ya bar shi. Tabarma na nan, buta ta huce, takalma a zube ba mai gadi. Ɗaya daga cikin abokanmu ya ce, "Maigadi, ka bar aiki, da an kwashe fa?"

Usman ya zura babba a dama, ƙarami a hagu, ya ce, "Nawa wari ne, ba mai so. Ku da kuke da na sata sai ku fara karɓa-karɓa. Sale, ƙafar nan ta huta, mayar mini da wutsiyar. Akwai wani kogo can ƙasa ban gama gani ba."